JA-DA-HUƊU DA JA-DA-DUKA: BAYANI GA DIREBOBI DA MASU SAYEN MOTA

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga kasuwar motoci a Legas ko Kano ko Anacha zai tarar da dogayen motoci birjik, a bayan waɗansu an rubuta 4WD ko 4x4, a bayan waɗansu kuwa AWD. Galibin masu saye, har da dillalai, sukan haɗa su duka su kira su jif, suna zaton aikinsu ɗaya ne. Amma kama da wane ba ta wane. Rashin sanin bambancinsu ya sa mutane da dama sun zuba kuɗi a motar da ba ta dace da hanyar garinsu ba, waɗansu sun lalata motar kirki da hannunsu, waɗansu kuma sun kwana a daji da kaya ko da majiyyaci domin sun dogara ga rubutun bayan mota.

A cikin wannan darasi za a kira tsarin 4WD da sunan ja-da-huɗu, watau abin da direbobin ƙasar nan suka saba kira ogzilari. Tsarin AWD kuwa za a kira shi ja-da-duka. Motar da ƙafa biyu kawai ke jan ta, ita ce ja-da-biyu.

1. Yadda ƙarfin inji ke isa ga ƙafafu

Inji ne ke samar da ƙarfi, giyabos ya daidaita shi, sa'an nan a miƙa shi ga ƙafafun da za su tura mota. A yawancin motoci ƙafa biyu ne kaɗai ke samun wannan ƙarfi, sauran biyun bi kawai suke yi. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ƙafafun baya ne ke tura ta. Yawancin Toyota Corolla da Volkswagen Golf na yanzu kuwa ƙafafun gaba ne ke jan su.

Akwai wani al'amari wanda sai an fahimce shi sauran bayanin zai zauna. Sa'ad da mota ke shan kwana, ƙafafunta huɗu ba tafiya ɗaya suke yi ba. Ƙafar da ke waje takan yi zagaye mai faɗi, ta ciki kuwa ƙaramin zagaye. Alal misali, idan tsakanin ƙafar dama da ta hagu mita ɗaya da rabi ne, motar ta juya ta fuskanci inda ta fito, ƙafar waje za ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 4.7. Haka nan ƙafafun gaba sukan fi na baya tafiya. Idan tsakanin gaba da baya mita 3 ne, ƙafafun baya suna zagayawa da nisan mita 5 daga tsakiyar kwanar, to na gaba za su zagaya da nisan kusan mita 5.8.

Don haka aka ƙirƙiro wata na'ura mai haƙora da ake kira difaranshal, wadda ke zaune a tsakiyar aksul. Aikinta shi ne ta raba ƙarfi ga ƙafa biyu, ta kuma bar kowacce ta juya gwargwadon tafiyarta. Sai dai tana da aibi guda. Difaranshal na yau da kullum yana ba ƙafafun biyu ƙarfi daidai wa daida, saboda haka idan ɗaya ta hau santsi ta rasa abin kamawa, ɗayar ma ba za ta sami fiye da ɗan abin da mai santsin ta samu ba. Abin da ke sa a ga mota ta kafe a taɓo ke nan, ƙafa ɗaya tana ta wulwulawa tana watsa laka, ɗayar kuwa tana tsaye cik a kan busasshiyar ƙasa. Ja-da-huɗu da ja-da-duka hanyoyi biyu ne na rage wannan matsala.

2. Taƙaitaccen tarihi

Kamfanin Spyker na ƙasar Holan ya ƙera mota mai amfani da fetur wadda ke ja da ƙafa huɗu tun a 1903. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya bazu da tsarin, domin tsakanin 1941 da 1945 kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun ƙera ƙananan motocin soja na Jeep fiye da 600,000. Daga sunan nan ne kalmar jif ta shigo Hausa. Bayan yaƙin aka fito da Land Rover a Ingila, aka nuna ta a Amsterdam a 1948. A Japan kuma Toyota ya ƙera tasa a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Ban da ta Spyker, dukan waɗannan motocin aiki ne, na gona da daji da soja.

Tunanin sa ƙafa huɗu su ja motar hawa a kan kwalta daga baya ya zo. Jensen FF ta Ingila, wadda ta fito a 1966, tana cikin na farko, ko da yake 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera. Subaru ya fitar da ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu a 1972 saboda yankunan Japan masu dusar ƙanƙara. A 1980 aka nuna Audi Quattro a Janiba, wadda ta lashe gasar tseren motoci ta duniya a kan hanyoyin burji da ƙanƙara a 1982 da 1984, ta jawo hankalin sauran kamfanoni. Toyota RAV4 ta biyo baya a 1994, Honda CR-V a 1995. Wannan tarihi ya nuna asalin bambancin: an yi ja-da-huɗu domin wurin da babu hanya, an yi ja-da-duka domin hanya mai santsi.

3. Tsarin ja-da-huɗu

A bayan giyabos ɗin motar ja-da-huɗu akwai wani ƙaramin giyabos, wanda za a kira akwatin rabo. Daga cikinsa farfela biyu ke fita, ɗaya zuwa aksul ɗin baya, ɗaya zuwa na gaba. Direba ne ke sarrafa shi da ƙaramin sandan giya ko da maɓalli, kuma yawanci akan ga alamomi uku.

2H: ƙafafun baya kaɗai ke ja. Wannan shi ne na tafiyar yau da kullum a kan kwalta.

4H: an ɗaure farfelar gaba da ta baya, suna juyawa tare babu sassauci. Wannan na burji ne mai tsakuwa, da rairayi, da hanyar da ruwan sama ya jiƙa ta yi caɓi.

4L: an ɗaure su kamar na sama, an kuma ƙara giya mai rage gudu. A yawancin motoci wannan giya takan rage gudu ta kuma ninka ƙarfin juyi tsakanin sau biyu da sau uku. Ita ce ta hawan dutse, da gangara mai tsanani, da zurfin taɓo, da jan kaya mai nauyi daga tsaye.

Ɗaurin nan shi ne ƙarfin tsarin, domin ko ƙafafun baya duka sun rasa abin kamawa, na gaba za su ci gaba da ja. Shi ne kuma haɗarinsa. An riga an ga cewa a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya. A kan rairayi ko laka taya takan ɗan zame ta huce bambancin. A kan busasshiyar kwalta kuwa ba ta samun zamewa, sai ƙarafan su riƙa murɗe juna. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tirjewa a kwana, tayoyi su yi ƙara, sandan giya ya ƙi fita. In aka ci gaba a haka, tayoyi za su cinye, daga bisani akwatin rabo ko farfela ko aksul ya karye. Toyota Hilux, da Land Cruiser 70, da Suzuki Jimny suna cikin masu wannan tsari.

Akwai kuma ja-da-huɗu na dindindin, irin na Range Rover tun daga 1970, da Land Cruiser Prado. Waɗannan suna da difaranshal na uku a cikin akwatin rabo, wanda ke barin gaba da baya su bambanta a kwana, saboda haka suna tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta ba tare da lahani ba. In an shiga mugun wuri sai direba ya kulle difaranshal ɗin tsakiyan, ya kuma sa 4L in da bukata.

Abin lura: ko da an sa 4H ko 4L, mota tana iya kafewa idan ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suka rasa abin kamawa a lokaci guda, kamar sa'ad da ake ƙetare kwazazzabo a karkace. Maganin wannan shi ne makullin difaranshal na aksul, wanda ke tilasta wa ƙafar dama da ta hagu su juya tare. Ba kowace mota ke da shi ba, kuma ba a amfani da shi sai a hankali, a cire shi da zarar an fita.

4. Tsarin ja-da-duka

A motar ja-da-duka direba ba ya zaɓar kome, motar ce ke rabon ƙarfi da kanta. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana ba ƙafafu huɗu ƙarfi a kowane lokaci ta hanyar difaranshal na tsakiya ko kuloci, kamar yadda yake a yawancin motocin Subaru da manyan motocin Audi. Na biyu kuwa, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana tafiya da ƙafafun gaba ne kusan kullum, sai in sun fara zamewa, ko direba ya taka totur da ƙarfi, wani kuloci mai faifai da yawa ya kama ya aika wani kaso zuwa baya. A motocin yanzu kwamfuta ce ke ba da wannan umarni, tana auna juyin kowace ƙafa, kuma takan taka wa mai wulwulawa birki domin ƙarfi ya koma ga 'yar'uwarta. Honda CR-V, da RAV4, da Highlander, da Lexus RX masu alamar AWD galibi irin wannan ne. A waɗansu motoci masu amfani da lantarki ma babu farfela sam, inji na lantarki dabam ne ke juya ƙafafun baya.

Amfanin tsarin a bayyane yake. Ba ya bukatar gwaninta, ba ya lalacewa a kan kwalta, yana kuma taimako ƙwarai wajen tashi daga tsaye ko hawan tudu a ranar ruwa. Iyakarsa ita ce ba shi da 4L, cikin motar yakan yi kusa da ƙasa, kulocinsa kuma ba a yi shi domin dogon artabu ba. In aka daɗe ana fama a cikin rairayi mai zurfi yakan yi zafi, kwamfuta ta sake shi don kada ya ƙone, motar ta koma ja-da-biyu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Kamfanoni sukan ba tsarinsu sunaye na talla, kamar quattro, da 4MATIC, da xDrive, da 4Motion, waɗansu ma sukan rubuta 4WD a motar da ainihinta ja-da-duka ce. Saboda haka kada a dogara ga rubutu. Tambayoyi biyu sun isa: shin motar tana da 4L? Shin ana iya ɗaure gabanta da bayanta? In amsar duka biyun i ce, to ja-da-huɗu ce ta gaske.

5. Wace ce ta dace da wa?

Ƙasar nan faɗi gare ta, hanyoyinta kuma iri-iri ne. Wanda aikinsa ke kai shi tuddan rairayi na arewacin Jihar Yobe, ko baƙar ƙasa mai danƙo ta yankin Tabkin Chadi da damina, ko ƙauyukan Tudun Mambila a Jihar Taraba inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500, ko gonakin fadama, ko hanyoyin laka na kurmin kudu, to ja-da-huɗu mai 4L ita ce abokiyar tafiyarsa. Wannan ya haɗa da malaman gona, da ma'aikatan lafiya masu zagaya karkara, da masu ɗauko amfanin gona, da masu haƙar rijiyoyi.

Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, sai jefi-jefi ya bi burji zuwa garinsu, ja-da-duka za ta ishe shi. Mazaunin birni kuwa wanda ba ya sauka daga kwalta, ja-da-biyu mai tayoyi masu kyau ta fi masa araha, domin kowane tsari daga cikin biyun nan yana ƙara wa mota nauyi, da shan mai, da yawan sassan da za su nemi gyara. Ba hikima ba ce a biya kuɗin abin da ba za a yi amfani da shi ba.

6. Abin da tsarin biyu ba su yi

Wannan sashe ya fi kowane muhimmanci, domin ya shafi rai.

Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tafi, ba ya taimakonta ta tsaya. Kowace mota, ko ja-da-biyu ce, tana da birki a ƙafafunta huɗu. Abin da ke tsayar da mota shi ne kamun taya da ƙasa, kuma in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata yakan ninka sau huɗu. Haɗarin shi ne direban ja-da-duka ba ya jin santsin hanya sa'ad da yake ƙara wuta, sai ya zo taka birki ya gane, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu, kuma ba ta ware wa jif wani gudu na dabam ba.

Na biyu, doguwar mota ta fi gajeriya saurin kifewa in an fizgi sitiyari, balle an lafta mata kaya a bisa. Na uku, babu tsarin da ke maganin ambaliya. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, santimita 60 kuwa har da manyan jif. In rafi ya kawo, a jira ya janye. Sannu ba ta hana zuwa.

7. Ƙa'idodin amfani da kulawa

(a) A sa 4H tun kafin a shiga mugun wuri, kada a bari sai an kafe. A koma 2H da zarar an hau kwalta.

(b) Kafin a sa 4L ko a cire shi, a tsayar da mota, a mayar da giya firi. Ba a gudu a cikin 4L.

(c) In sandan ya ƙi fita daga 4H, a yi baya kaɗan a miƙe, ƙarafan za su saki.

(d) Waɗansu motoci suna da makulli a cibiyar ƙafafun gaba wanda ake murɗawa da hannu. In ba a murɗa su duka biyu ba, ƙafafun gaba ba za su ja ba ko da an sa 4H.

(e) A cikin rairayi mai laushi akan rage iskar taya zuwa kamar awo 18 ko 20 domin ta shimfiɗu, a tafi a hankali ba tare da fizgar sitiyari ba. Lalle ne a mayar da iskar kafin a yi gudu a kwalta, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe.

(f) In ƙafafu suka fara wulwulawa, a ɗaga ƙafa daga totur. Ƙara wuta rami kawai yake haƙa wa mota.

(g) A riƙa sa 4H na 'yan kilomitoci a kan burji sau ɗaya a wata, domin mai ya zaga sassan gaba.

(h) Motar ja-da-duka tana bukatar tayoyi huɗu masu girma ɗaya, iri ɗaya, waɗanda cinyewarsu ta yi kusa da juna. In ɗaya ta fi sauran girma, na'urar za ta ɗauka zamewa ake yi, kulocin ya yi ta aiki har ya lalace. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, domin su ne shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

(i) In ja-da-duka ta lalace a hanya, kada a ɗaga ƙafa biyu a ja ta a kan biyu. A ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka.

(j) Akwatin rabo da kowane difaranshal suna da mansu na dabam. A canja shi a kan lokaci da irin wanda littafin motar ya ambata, a kuma duba shi bayan an ratsa ruwa mai zurfi. In ya koma launin madara, ruwa ya shiga.

8. Gargaɗi ga mai sayen tsohuwar mota

Yawancin motocin da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, kuma iri ɗaya yakan zo da ja-da-biyu, ya kuma zo da ja-da-duka, jikinsu bai bambanta ba. Har ila yau waɗansu makanikai, in tsarin ya sami matsala, sukan cire farfelar baya su bar motar tana tafiya da ƙafa biyu, alamar AWD kuwa tana nan a manne. Saboda haka mai saye ya tafi da makanikin da ya amince da shi, a leƙa ƙarƙashin motar a tabbatar farfela da difaranshal suna nan, ba su kuma yoyon mai. A gwada 4H da 4L a kan burji a ga fitilarsu ta kama. A juya sitiyari har ƙarshe a zagaya a hankali a kan kwalta, a 2H ko a yadda motar ke tafiya kullum, a saurari ƙara ko tirjiya. Matambayi ba ya ɓata, kuma rigakafi ya fi magani.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ƙafafun mota ba su juyawa daidai da juna a kwana?
2. Mene ne aikin difaranshal, kuma mene ne aibinsa?
3. Don me ba a tafiya da 4H a kan busasshiyar kwalta a mota irin Hilux?
4. Waɗanne tambayoyi biyu ne ke bambanta ja-da-huɗu da ja-da-duka?
5. Shin ja-da-duka tana rage nisan da mota ke ci kafin ta tsaya? A kawo dalili.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan darasi ya bayyana shi ga direbobi da yaran mota da ba su sami damar karantawa ba, musamman sashe na 6 da na 7.